Tambaya da Amsa: Iska ta kayar min da katanga, laifin wa?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka. Katangar gidana tsayinta kamar mita 2 ne, bara na ƙara mata layi uku na bulo saboda tsaro, to hadarin da akayi kwanan nan da iska sai ɓangare guda ya kwanta tun daga ƙasa, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin, amma ta maƙwabcina ko gezau. Birkila yace iska ce kawai, ni kuma ina ganin ya ci siminti ne. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ɗan'uwa kafin ka kama birkila, layi ukun nan nake zargi. Layi uku na bulo kusan santimita 70 kenan, katanga ta tashi daga mita 2 zuwa 2.7, kai a ido kaɗan ka ƙara, amma ƙarfin da iska ke murɗe gindinta dashi ya kusa ninkawa biyu, domin faɗin da iska zata daka ya ƙaru kuma tana turawa ne daga can sama, shi kuwa fandisho yana nan yadda aka zuba shi tun farko don gajeriyar katanga.

Kuma mutane na raina iska wallahi. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana ɗora kusan kilo 50 akan kowace murabba'in mita, kaga katanga mai tsayin mita 2 da tsawon mita 3 tana shan turin kusan kilo 300, ga shi ba a hankali take zuwa ba, bugu take tana saki tana sake bugu. Sannan ruwa ya riga ya jiƙa ƙasa ta yi laushi, in babu ƙananan ramuka a gindin katanga da ruwa zai bi ya fita to taruwa zaiyi a gefe ɗaya shima yana nasa turin.

Je ka duba ɓaraguzan da kanka. In ta tuge ne har da fandisho, matsalar zurfi ce da ruwa. In a kan layi ɗaya ta karye ɓal kuma baka ga rodi ko ɗaya ya leƙo ba, babu fila (ginshiƙin kankare da rodi da ke riƙe katanga) kenan ko kuma filar ado ce. In ka murza bulo da hannu yana zuba kamar gari, nan ne maganarka ta siminti ta fito. Ta maƙwabcinka kuwa mai yiwuwa bata kai taka tsayi ba, ko ginin gidansa ya kare mata iskar, ba lallai aikinsa yafi naka ba.

Wajen sake gini a zuba filar kankare da rodi duk bayan kamar mita 3, har da kusurwa da ƙarshen katanga don can iska tafi ƙarfi, rodin ya taso daga cikin fandisho ba a dasa shi sama sama ba, a ɗaure saman da bim, wato kankare da rodi da ake zubawa a kwance, a riƙa bawa kankaren ruwa aƙalla kwana 7. In tsayin kake so dole, layin sama a sa bulo mai huji ko ƙarfe da iska zata ratsa, kuma irin wannan tsayin a nemi injiniya ya gani. Sauran da bata faɗi ba ma kar ka yarda da ita, in ta tsage ko ta sunkuya a hana yara zuwa wurin, a sauke ta kawai, filasta bata gyara wannan.

Tambaya: Malam ni shingen kwano ne dani akan katako, duk damina sai iska ta kwashe min, na gaji da siyan ƙusa.

Amsa: Hajiya ba ƙusa bace matsalarki, turakun ne. Kwano baya barin iska ta wuce ko kaɗan, duk nauyin akan turke yake ƙarewa, shi kuma katako daidai inda ya haɗu da ƙasa yake ruɓewa ko gara ta cinye shi, sama lafiya lau ƙasa ba komai. Ki sa a soka masa sukundireba a gindi, in ta shige a canza shi. Sabon turke a binne kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, zurfin ramin kar ya gaza santimita 60, a zuba kankare a ɗan tudunta samansa don ruwa ya gangare, a matso da turakun kusa da juna, kwanon kuma a ɗaure da sukuru mai wosha maimakon ƙusa. Kwanon da ya fara ɓallewa a cire shi tun kafin hadari, kwano in ya tashi sama yanka yake.

Tambaya: Reshen bishiya ya faɗo kan shingena ya jawo wayar wuta, zan iya janyewa da sanda?

Amsa: A'a, ko kusa kar ka je, jiƙaƙƙiyar sanda tana ɗaukar wuta, shingen ma in na ƙarfe ne zai iya zama da wuta a jikinsa. Kira ma'aikatan lantarki su kashe layin tukuna, ka ɗauki hoto daga nesa ko zai yi amfani wajen inshora.