Amsa: hayar filin amana na gwamnati don gonar inabi a jihar Washinton

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya karɓar hayar filin amana a Washinton ta Amurka ya dasa inabi, har ya gina masana'antar giyar inabi a kai. Ana yi, musamman a yankin Red Mountain da ke gabashin jihar.

Filayen nan gwamnatin tarayya ce ta ba jihar a 1889, sashe na 16 da na 36 na kowace gundumar awon ƙasa (township) mai sassa 36, kowanne eka 640, domin kuɗinsu ya tallafi makarantu. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, DNR, ke riƙe da su, kuma wajibinta ne ta samo wa amanar kuɗi, don haka kada ka sa ran rangwame. Sabuwar haya yawanci ta gwanjo ake bayarwa, kuma akwai harajin haya na kashi 12.84 cikin ɗari na kuɗin hayar.

Ruwa ne ke kayar da mutane. Gabashin jihar busasshe ne, yawanci inabi ba ya yi sai da ban-ruwa, kuma izinin ɗiban ruwa takarda ce daban. Kafin ka sa hannu, ka tabbatar filin yana da shi, da kuma sunan wa ke kai. Kurangar ba ta ba da amfanin kirki sai shekara ta uku, ga kuɗin turaku da waya da bututu, shi ya sa gajeriyar haya asara ce. A rubuta wa zai mallaki dashen in wa'adi ya cika. Banki ma hayar kawai zai riƙe jingina, filin ba naka ba ne.

Masana'antar kuwa tana bukatar sharuɗɗan haya na kasuwanci, da izinin TTB, hukumar tarayya mai kula da haraji da cinikin giya da taba, da lasisin jiha.