Jakada, Wakili da Ɗanmasani: Kalmomin da Suka Bi Maitama Sule

Wani malamin makaranta daga Gusau ya rubuto yana cewa: "Malam, na karanta tarihin marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, na ga a wani wuri an kira shi ɗan majalisa, a wani wuri wakili, a wani wuri jakada. Kalmomin nan ma'anarsu ɗaya, ko kowace da gurbinta? Kuma jakada kalmar Hausa ce ta asali?"

Malam, na gode da wannan tambaya, don ka zaɓo mutumin da duk kalmomin uku suka hau kansa daidai. An haife shi a Kano a 1929, ya koyar a makarantar Midil ta Kano, ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a Legas a 1954 a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Daga 1959 har juyin mulkin 1966 shi ne ministan ma'adinai da lantarki. A zamanin Shugaba Shehu Shagari kuma aka tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu.

Majalisa da wakili duk daga Larabci muka aro su. Tushen majalisa shi ne zama, don haka wurin zaman shawara ke nan, ko ta sarki da fadawansa, ko ta dattawan unguwa a kan tabarma bayan la'asar. Wakili kuwa shi ne wanda aka danƙa wa al'amari ya tsaya a madadin wani. Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya ji liman yana tambaya, "Ina wakilin ango?" Mutumin zai matso, ya nema, ya karɓa, alhali ba shi za a kai wa amarya ba. To haka ɗan Majalisar Wakilai yake: kujerar ta mutanen mazaɓarsa ce, shi an ba shi riƙo.

Jakada ita ce mai dogon labari. Tsohuwar kalma ce a sarautar Hausa, wasu ma jekada suke cewa, jam'inta jakadu. Kafin zuwan Turawa, yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa suna warwatse a karkara. Wanda ke kai da kawowa tsakanin hakimi da waɗannan garuruwa shi ne jakada, galibi bara ne ko bawan gidan hakimin. Zai sauka a gidan dagaci, a ba shi masauki, a ciyar da dokinsa, ya isar da umarni, ya tattara kuɗin ƙasa da jangali, ya ɗebi rabonsa, ya koma birni da labarin abin da ya gani. Talaka ba ya murna da ganin ƙurar dokinsa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a daɗe ba suka yanka gundumomi, suka tilasta wa hakimai komawa cikin ƙasarsu da zama, aikin jakadu irin na dā ya mutu.

Kalmar ba ta mutu ba. A fada har yau akwai jakadiya, dattijuwar da ke kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, wadda ke shiga inda namiji ba ya shiga. Da ƙasa ta sami 'yanci a 1960 aka buƙaci sunan wanda za a tura wata ƙasa ya yi magana da yawun gwamnati, sai masu aikin jarida da rediyo suka tsaya a kan jakada. A ganina sun yi dace ƙwarai. Akwai manzo, amma girman da addini ya ba ta ya sa ba a cika sakinta a harkar gwamnati ba sai an ce "manzo na musamman". Akwai ɗan aike, amma wannan har yaron da aka tura sayen ashana ya shiga ciki. Jakada ce kaɗai ke ɗauke da abubuwa uku a haɗe: mai iko ne ya aiko shi, yana zama a inda aka tura shi, kuma yana komawa da rahoto. Warin haraji ya wanke daga jikinta, har yanzu ana ce wa ɗan ƙwallo ko ɗalibin da ya yi abin kirki a waje "jakada nagari".

Wani abin sha'awa, marigayi Sarkin Kano Ado Bayero shi ma ya bi wannan turba. Ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna, ya riƙe muƙamin Wakilin Doka, wato shugaban 'yan sandan En'e na Kano, yana jakadan Najeriya a Senegal aka kira shi sarauta a 1963.

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: "Tunda Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike, ashe bai yarda da aikin jakada ba ke nan?"

'Yata, karin maganar gaskiya ce, amma ki lura da wanda ake faɗa wa ita. Ana faɗa wa mai buƙata ne, wanda ke neman aure ko bashi ko gafara, don fuska tana da kunyar da saƙo ba shi da ita. Sarki kuwa, ko ƙasa, ba za su iya zuwa ko'ina da kansu ba. Shi ya sa Bahaushe ya ɗora nauyin a kan bakin wanda aka aika, ya ce magana zarar bunu ce. Bunu shi ne tsohuwar ciyawar rufin ɗaki, wadda rana da hayaƙi suka dafa har ta yi baƙi. Ki miƙa hannu ki zaro tsinke ɗaya daga jinka, zai fito salin-alin. Ki gwada mayar da shi gurbinsa, zai lanƙwashe ya karye a hannunki. Mutum in ya yi ɓaram-ɓarama da bakinsa, kansa ya jawo wa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Jakada in ya yi, ƙasa guda ya jawo wa.

A nan ne Maitama Sule ya yi zarra, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Wanda ya saurari jawabansa da Hausa ko da Turanci ya san yadda yake farawa a hankali, ya kawo labari, ya sa mutane dariya, sannan ya ajiye magana mai nauyi a kan adalci da shugabanci ba tare da ya zagi kowa ba. Ko bayan da ganinsa ya tafi a ƙarshen rayuwa, ana riƙo hannunsa a kai shi gaban taro, ya yi jawabi mai tsawo ba takarda. Mutane kan kira wannan daɗin baki, ni kuwa ba na son kalmar a kansa. Daɗin baki a Hausa yana da ƙanshin yaudara, irin na mai son ya raba ka da abin hannunka. Abin da ya dace da shi shi ne fasaha, ko iya magana, ko kuma a ce ya san bakin zaren. Wanda a 1976 aka ba shi shugabancin hukumar sauraron koke-koken jama'a, dole ya iya sauraro kafin ya iya faɗa.

Kalmar diflomasiyya da kika haɗa a wasiƙarki baƙuwa ce daga Turanci, asalinta can daga Girkanci, inda take nufin takarda naɗaɗɗiya. Mun mayar da harafin "p" da ba mu da shi zuwa "f", muka liƙa mata wutsiyar Larabci kamar yadda muka yi wa dimokuraɗiyya. Wadda ta fi burge ni ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya. An kafa ta a 1945 bayan yaƙin da ya yayyaga duniya, wanda ya raɗa mata sunan Hausa kuwa ya hango allura da zare. Najeriya ta shiga ranar 7 ga Oktoba, 1960, ita ce ƙasa ta 99. Wanda ke zaune a can a madadin ƙasa ana ce masa wakilin dindindin. Kujerar ce ta dindindin, mutumin kan sauya.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: "Ɗanmasani da Maitama, wanne ne suna, wanne ne sarauta?"

Alhaji, Ɗanmasani ita ce sarautar, Ɗanmasanin Kano. Masani daga sani ne, kamar yadda maɗinki ya fito daga ɗinki. Sunan yana tuna mana da Wali Ɗan Masani, babban malamin Katsina na ƙarni na 17. Maitama kuwa laƙabi ne da ake yi wa mai suna Yusufu, kamar Garba ga Abubakar, Shehu ga Usman, Sanda ga Umaru, don a sakaya sunan babba a gida. Sule sunan mahaifinsa ne. Ya rasu a birnin Alƙahira a watan Yuli na 2017, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa da rahama.