Me zan tanada kafin in sa rauta a gida?

Malam, ka ce kana so ka sa rautar Wi-Fi a gida, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, kana tambayar abin da za ka fara shiryawa kafin ka saya. Ka fara da gwajin layi. Sa sim na MTN, Airtel ko Glo a wayarka, ka zaga falo da ɗakuna, musamman bayan magariba lokacin da kowa ya hau intanet. Wanda ya fi riƙe 4G a cikin gidan shi za ka bi, domin yawancin rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa a kulle suke da layinsu kaɗai. Ka tabbatar an haɗa sim ɗin da NIN. Ka kuma ware wa rautar wuri a sama, kusa da taga, kada ka cusa ta bayan talabijin. Ranar farko ka canza kalmar sirrin da ke manne a ƙasanta.

Sharaɗin da mutane ke mantawa shi ne wuta. Rauta irin ta tebur galibi ba ta da batir, da an ɗauke wuta ta mutu, kuɗin datarka kuma na wata ne, kwanaki na tafiya. A gidanmu ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, shi ne ya raba mu da wannan wahala. Kafin ka sayi UPS ɗin, duba jikin cajar rautar, galibi 12V ake rubutawa, ka nemi wanda ya yi daidai da shi don kada ka ƙona ta.