Ina ganin kifi a sikirin amma kotona ya ɓace, me zan gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina fita fatsa a dam ɗin Dadin Kowa ranakun hutu, yayana ya aiko min da Garmin LiveScope, na'urar da ke amfani da sauti tana nuna abin da ke cikin ruwa a sikirin, sai na ɗaura ta a jirgi. Kifaye ina ganinsu suna wucewa, amma in na jefa kotona na kifin roba sai in neme shi a sikirin in rasa. Na ƙure gen, wato ƙarfin jin sautin na'urar, har sama sai sikirin ya cika da ɗige-ɗige. Dan Allah me zan taɓa? Daga Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka wa yayanka da alheri. Tun da kana ganin kifi to na'urar lafiyarta ƙalau, kuma ina kyautata zaton matsalar ba ta gen bace, saiti ne. Kan da ke cikin ruwa, wato turansdusa, sautin da yake harbawa yana da faɗi daga sama zuwa ƙasa har digiri 135, amma ta gefe digiri 20 ne kacal. Kamar hasken tocila ne da ya ratso ta tsagar ƙofa, abin da bai shiga tsagar nan ba babu shi. A nisan mita 5 faɗin bai kai mita 2 ba, a mita 15 ne yake ɗan wuce mita 5, kaga kenan iska ta ɗan juya jirgi ko ruwa ya ja koton gefe shikenan ya fita, kai kuma kana can kana murza gen a banza.

Don haka abu na farko ka ɗaura turansdusan a sanda wadda zaka riƙa juyawa da hannu, ka sa alama da jan tef a saman sandar daidai inda fuskarsa ke kallo, in zaka jefa ka jefa kan layin alamar nan. In koto ya ɓace kar ka taɓa komai a menu, ka juya sandar a hankali hagu da dama zaka ga ya fito. Wannan sai da sabo, hannu ɗaya na riƙe da sandar fatsa ɗaya na saiti, amma da hannu ya gane an wuce wurin.

Sai renji, wato iyakar nisa da zurfin da sikirin ke nunawa. Mutane da yawa suna barinsa a oto, wato na'urar ta zaɓa da kanta, ko su buɗe shi har ƙarshe don su hango nesa, alhali sikirin ɗin bai ƙara girma ba, duk mitar da ka ƙara to koton naka ƙanƙancewa yake har ya koma kamar ƙwayar gero. Cire shi daga oto. Nisan gaba ka sa mita 15 zuwa 20, iya inda jifanka ke kaiwa, zurfi kuma in ƙasa tana mita 6 ka sa 8, yadda zaka ga ƙasan a can gindin sikirin ba a tsakiya ba. Wallahi wannan kaɗai yana magance wa wasu matsalar.

Yanzu mu zo gen ɗin. Fara daga wajen 60, ka riƙa ƙarawa ɗaya ɗaya har ɗige-ɗige su fara fitowa, sai ka tsaya nan ko ka rage ɗaya. Ni ra'ayina sikirin da ya yi tas baƙi wuluk ba abin alfahari bane, yana nufin ka share ƙananan abubuwa har da kotonka. Kuma babu lamba guda da zata yi maka duk shekara. A watan Agusta da Satumba in Gongola ya kawo jan ruwa da laka da ciyayi, su ma sauti yana dukansu ya dawo, dole ka rage, da rani in ruwa ya kwanta ya washe sai ka ƙara. Akwai kala gen daban, shi haske yake ƙara wa abin da ya riga ya fito, ɗaga shi ya fi maka amfani a kan ka ƙure babban gen ɗin. A menu akwai saitunan rage ɗige-ɗige guda uku: TVG ka kashe ko ka bar shi a ƙasa, noyis rijek da gos rijek su ma ƙasa ko tsakiya, domin duk masu shara ne, in suka yi ƙarfi da abu ƙarami suke fara tafiya.

Koton ma da nasa laifin. Kifi yana fitowa ɓaro-ɓaro ne saboda jakar iskar da ke cikinsa, iska a cikin ruwa tana mayar da sauti da ƙarfi. Ita kuwa roba mai laushi nauyinta ya yi kusa da na ruwa, sauti kusan ratsa ta yake ya wuce, abin da kake gani a zahiri dalmar da ke kan koton ce da ƙugiya. Ka gwada dalma mai giram 10 ko sama, ko tungistin, wani ƙarfe da ya fi dalma nauyi, in ka samu, ko koto mai tauri irin mai iska a ciki, ko koton ƙarfe mai siffar cokali, waɗannan su ake jefa wa giwan ruwa da tsage dama, kuma fitowarsu ba a magana. Da su ya kamata ka koyi saiti kafin ka koma ƙananan.

Batir kar ka raina shi. Ka ware wa na'urar nata, kar ka haɗa da na inji, waya ta zama mai kauri kuma gajera, in caji ya sauka sosai na'urar tana iya riƙa ɗaukewa.

In ka fita gobe kar ka fara da neman kifi. Samu wuri mai zurfin mita 5 ko 6 nesa da kallin masunta don kar turansdusan ko wayarsa su sarƙe, ka saki koto a gaban jirgi dab da kai, ka riƙa ɗagawa kana saukewa har ka gane shi a sikirin, a nan zaka daidaita gen da kala gen, sannan ka jefa mita 5, sai 10, sai 15, inda ya fara ɓace maka nan ne iyakarka da wannan koton. In duk da haka bai fito ba ka duba ko turansdusan yana kan yanayin kallon gaba kuma menu ma haka ya nuna, don in ɗaurin da menu suka saɓa hoton karkacewa yake, sai ka ɗauko hoton sikirin ɗin ka turo mu duba tare.