Zagayen Mont Blanc da Ƙafa: Me Za a Saya, Yaushe Za a Tafi?

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne kan tafiya ɗaya, wato zagayen dutsen Mont Blanc da ƙafa. Hanya ce ta kusan kilomita 170 da ke ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Galibi ana tashi daga ƙauyen Les Houches kusa da garin Chamonix a Faransa, a dawo nan bayan kwana 7 zuwa 11, kuma kusan kullum sai an haye mashigin dutse.

Malam, ni ɗalibi ne a Lyon. Ni da abokaina muna son yin wannan tafiya a hutun bazara, amma kuɗina ba zai sayi komai da komai ba. Ina da takalmin gudu mai kyau. In sayi takalmin hawan dutse ne, ko babbar jakar goyo?

Ɗan'uwa, sayi takalmi. Jaka kana iya aronta, takalmi kuwa sai wanda ya san ƙafarka.

Idan aka haɗa hawan da ke cikin wannan zagaye gaba ɗaya, ya kai kusan mita 10,000, kuma duk abin da ka hau sai ka sauko shi. Saukar ita ce ke cin ƙafa. Daga mashigin Croix du Bonhomme zuwa ƙauyen Les Chapieux, za ka gangaro kusan mita 900 a kan tsakuwa da ƙasa mai santsi, bayan ka riga ka wuni kana hawa. Takalmin gudun kwalta ƙasansa sumul yake, ba ya kama dutse idan ya jiƙe. Nemi mai ƙasa mai zurfin zane, kuma da kaya a bayanka na fi so ka ɗauki wanda ya rufe idon sawu.

Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiyar da ita. A bar sarari kamar faɗin yatsa a gaban babban yatsanka, in ba haka ba farcenka zai yi ta dukan bakin takalmin a gangare har ya yi baƙi. Sannan ka yi makonni kana yawo da shi kafin ranar. Sabon takalmi a ranar farko bororo yake haifarwa, bororo kuma yana mayar da ƙato gida.

Abu na biyu da ya cancanci kuɗinka shi ne rigar ruwa mai hula wadda ke tare iska. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Chamonix tana kan mita 1,035, mashigin Grand Col Ferret da ke tsakanin Italiya da Suwizalan kuwa mita 2,537, ka ga bambancin ya kusa digiri 10 tun kafin iska ta taso. Kada ka sa rigar auduga a jikinka, tana shan gumi ta ƙi bushewa, da ka tsaya hutawa a sama sai sanyi ya shige ka. Sa ta ulu ko irin ta 'yan wasa.

Jaka mai cin lita 35 zuwa 40 ta isa, domin masaukan kan hanya suna ba da gado da bargo da abincin dare. Zanen kwanciya mai ɗinkin buhu kawai za ka riƙe, don suna sharɗanta shi. Yi ƙoƙari kayan kada su wuce kilo 10. Idan 'yan canji sun rage, ƙara da sandunan tafiya guda biyu, masu araha ma sun yi, suna rage wa gwiwa nauyi sosai.

Malam, ina zaune a Torino da maigidana. An ce mana watan Yuni ya fi sauƙin samun masauki kuma babu cunkoso. Mu biya na Yuni?

Hajiya, idan wannan ne karonku na farko, ban ba ku shawarar Yuni ba. Masaukan suna buɗewa ne daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, amma buɗewar masauki ba ta nufin hanya ta bushe. A shekaru da yawa dusar ƙanƙara tana kwance a mashigai irin su Bonhomme da Col de la Seigne, mai tsayin mita 2,516, har farkon Yuli. Da safe takan daskare ta yi tauri, kuma zamewa a irin wannan gangare ba ƙaramin haɗari ba ne ga wanda bai saba ba.

Ku nemi farkon Satumba. Dusar ta narke, mutane sun ragu, sai dai rana ta fara gajarta. Ku kauce wa makon ƙarshen Agusta, lokacin gasar gudun UTMB, hanya da garin Chamonix cika suke yi. Ko wane wata kuka zaɓa, ku kama gado tun watanni kafin nan, musamman a masaukai irin su Elisabetta da Bonatti a ɓangaren Italiya.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne lokacin tashi. A can hadari da tsawa sun fi haɗuwa bayan azahar, mashigi kuma fili ne fetal babu mafaka. Ku tashi da sassafe, azahar ta same ku kun riga kun fara gangara. Kowane dare ku tambayi mai masaukin yanayin gobe. Tsakanin ƙauyukan Champex da Trient a ɓangaren Suwizalan akwai hanya biyu: Fenêtre d'Arpette mai mita 2,665 da manyan duwatsu, da ta Bovine mai sauƙi. Idan sama ba ta washe ba, ku bi Bovine, babu abin kunya a ciki.

Malam, daga Jamus nake. Inshorar ceto ta cancanci kuɗinta? Sannan yaya batun abinci a masaukan nan?

Ta cancanta, Alhaji. A ɓangaren Faransa jami'an ceto na gwamnati ba sa cajin wanda suka ɗauko, amma a Suwizalan idan jirgi mai saukar ungulu ya zo, za a aiko maka da takardar biya, kuma kuɗi ne mai nauyi. Karanta takardar inshorar da kake da ita, ka tabbatar an rubuta ceto a kan dutse a fili, don da yawa ba sa haɗawa da shi. Lambar gaggawa 112 tana aiki a duk ƙasashen uku.

Abinci kuma, naman alade ya yi yawa a girkin yankin, har cikin dankali da cuku sukan sa shi, wani girkin kuma da giya ake yi. Abincin dare iri ɗaya ake dafa wa kowa, don haka tun ranar da kake kama gado ka rubuta cewa ba ka cin nama, kana isa kuma ka sake tuna musu, ka ambaci giyar ma. Za ka samu miyar kayan lambu da taliya da cuku da polenta, wadda kusan tuwon masara ce. Riƙe dabino da gyaɗa don rana. Ka kuma tafi da tsabar kuɗi, yuro da faran na Suwizalan, saboda ba kowane masauki ne ke karɓar kati ba.