Batir na biyu a motar shiga daji: wanne za a saya, kuma ta yaya za a riƙa cika shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser tsohuwar ƙira mai shan dizal, ina ɗaukar baƙi da ita daga Garwa ta arewacin Kamaru zuwa gandun dajin Benuwe da Rumsiki, wani lokaci har mu tsallaka ta Kuseri mu shiga Chadi, kuma mukan kwana biyu ko uku a wuri ɗaya ba tare da an tayar da mota ba. Akwai ƙaramin firji mai lita 40 a baya, da fitilu, da cajin wayoyi. Mai gyaran wutar mota ya sa mini batir na biyu a gidan inji, ya haɗa shi da na farko da waya kai tsaye, amma wanda na saya bai yi shekara ba ya mutu, na sake saye shi ma haka, har ma an yi safiyar da motar ta ƙi tashi. Wane irin batir ya kamata in saya, kuma yaya zan yi ya riƙa cika? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sake fitar da kuɗinka, ka sani cewa batiran nan biyu da wuya a ce marasa kyau ne tun daga shago. Abin da ya kashe su shi ne zafin gidan inji da kuma rashin cika, kuma ko mafi tsadar batir ka kawo, muddin ba a sauya yadda ake cajinsa da wurin da yake zaune ba, hanyarsu zai bi.

Haɗin da aka yi maka shi ne ya hana motar tashi. Idan aka haɗa batir biyu da waya kai tsaye sun zama batir ɗaya, firjin yana shan su tare cikin dare, sai a wayi gari babu wanda ya rage da ƙarfin juya inji. Ban da haka, ina kyautata zaton batirin tayar da mota na yau da kullum aka sayar maka. Shi wannan farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, an yi su ne domin su ba da ɗaruruwan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) cikin daƙiƙa kaɗan sannan altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ya mayar musu nan take. Batirin da ake so wa firji kuwa shi ne mai farantai masu kauri, wanda ke jure a sha shi a hankali tsawon dare a kuma cika shi washegari, sau ɗaruruwa. Na farko dokin sukuwa ne, na biyu raƙumin ayari, kuma aikin da kake yi na raƙumi ne.

Girman batir kuma lissafi ne, ba ƙiyasi ba. Firji mai kwamfureso irin naka yana jan kamar amfiya 4 idan yana aiki, kuma a bazarar Garwa, watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, zai yi aiki awa 12 zuwa 14 a cikin awa 24, wato Ah 50 zuwa 55 ke nan (Ah shi ne amfiya sau awa, ma'aunin wutar da batir ke riƙewa). Ka ƙara fitilun LED, da wayoyi huɗu ko biyar, da kwamfutar wani baƙo, ka kai wajen Ah 70 a kwana ɗaya. To batirin dalma, kowane iri ne, ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, saboda haka wanda aka rubuta wa Ah 100 a jikinsa, Ah 50 ne naka. Ka ga ke nan ko kwana ɗaya cikakke bai riƙe ka ba, balle uku, kuma duk daren da firjin ya tatse shi ƙaf, wani yanki na rayuwarsa ya tafi ba dawowa.

A kasuwa za ka tarar da iri uku da suka dace a duba. Akwai batirin dalma mai ruwa, wanda ake buɗe murafunsa a ƙara masa tataccen ruwa. Shi ne mafi arha, kuma shi kaɗai nake yarda a ajiye a gidan inji, domin ruwan da zafi ya ƙone ana iya mayar masa. Sai dai ba a sa shi cikin mota inda mutane ke zaune, saboda yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ga kuma asid da ke fantsala a kan gargada. Akwai rufaffen batir da ake rubuta wa AGM ko gel, irin wanda masu kayan sola ke sayarwa a Marwa da Njamena. Ba ya zuba, yana jure jijjiga, AGM ɗin ma yana karɓar caji da sauri fiye da mai ruwa, amma zafi ne babban abokin gabansa, tunda ruwan da ya rasa ya tafi ke nan. Ƙa'idar da masu ƙera batir ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu, gidan inji kuwa yakan haura digiri 70 a tafiyar rana. Idan ka taɓa ganin batir ya kumbura a gefe kamar zai tsage, akasari aikin zafi ne da cajin da ya wuce kima.

Na uku shi ne litiyom, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4. Mai Ah 100 nauyinsa bai wuce kilo 12 zuwa 14 ba, alhali AGM mai wannan girma yana kai kilo 30, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da ya cutu ba, wato shi ɗaya yana yin kusan aikin na dalma biyu. Yana da sharuɗɗansa. Ba ya zama a gidan inji ko kaɗan, yawancinsu ba a so a caje su sama da digiri 45 ko ƙasa da sifiri, kuma wannan na ƙarshe ba zancen Turai kaɗai ba ne ga wanda ke hawa duwatsun Tibasti na arewacin Chadi a watan Janairu, inda dare kan kai ruwa ya daskare. Haka nan na'urar kariya da ke cikinsa ba ta barin ya ba da irin ƙarfin da ake juya injin dizal da shi, don haka kada ka dogara gare shi wajen tayar da mota ko jan igiyar fitar da mota daga yashi. Waɗannan aikin batirin farko ne.

Yanzu ga zancen caji, wanda shi ne ainihin maganar. Mafi sauƙin gyara shi ne a sa rile mai jin ƙarfin wuta tsakanin batiran biyu: idan inji ya tashi wuta ta kai kamar volt 13.3 sai ya haɗa su, idan an kashe inji ta sauko kusan 12.8 sai ya raba su, batirin tayar da mota ya kwana da cikarsa. Arha ne, kowane mai gyaran wuta zai iya ɗaura shi, kuma wasu suna da maɓallin da za ka haɗa batiran da hannu ranar da na farko ya gaza, abin da ke da daraja ƙwarai a dajin da babu mai tura maka mota. Amma rile ba ya ƙara wuta, abin da altaneta ya bayar shi yake miƙawa. AGM yana bukatar volt 14.4 zuwa 14.7 kafin ya cika sosai a madaidaicin yanayi, altaneta kuwa idan ya ɗauki zafi yakan sauko ƙasa da 14, a sababbin motoci masu altanetan da kwamfuta ke sarrafawa ma har ƙasa da 13. Batirin da kullum yake tsayawa a kashi 70 ko 80, gishirin dalma yana daskarewa a farantansa, a hankali har ya daina riƙe wuta.

Shi ya sa nake ba ka shawarar cajar da ake kira DC-DC. Tana karɓar duk abin da altaneta ya bayar ta ɗaga shi zuwa ma'aunin da batirinka ke so, tana ƙayyade yawan amfiyar da ke shiga, tana kuma raba batiran idan inji ya mutu. Ga litiyom dole ce, domin shi yana zuƙar duk wutar da ya samu, kuma altanetan tsofaffin motoci, da yawansu ba sa wuce amfiya 60 zuwa 80, na iya ƙonewa idan aka bar shi yana zuƙa mota na tsaye inji na aiki a hankali, lokacin da fankar altanetan ba ta juyawa sosai. Mai amfiya 25 ta ishe ka. Da ita, Ah 70 da ka sha za su koma cikin litiyom a tafiyar awa 3, kwatankwacin Garwa zuwa Marwa. Na dalma kuwa yana saurin kaiwa kashi 80, sannan ragowar ta ɗauki wasu awanni biyu zuwa huɗu, kuma wannan ragowar ce direbobi ba sa ba shi. Ka ɗaura cajar kusa da batir na biyu, inda iska ke ratsawa, domin ita ma tana rage aikinta idan ta yi zafi.

Waya kuma nan ne ake yawan cin amanar aiki. Daga gidan inji zuwa bayan mota kamar mita 6 ne, zuwa da dawowa 12. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 6, idan amfiya 30 na bi ta cikinta, tana zubar da volt ɗaya cur a hanya. Mai 16 kuwa abin da take zubarwa bai kai rabin volt ba. Ka nemi mai 16, kuma kafin ka biya ka sa a yanko maka ɗan guntu ka kankare silin da wuƙa: idan jan ya tafi fari ya bayyana a ciki, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla, ka bar musu kayansu. A sa fis a kowane ƙarshen wayar, dab da kan kowane batir, domin wayar da ta goge da ƙarfen mota a kan gargada tana samun wuta daga ɓangarori biyu, kuma haka motoci ke ƙonewa. A daina kuma sa firji a ramin kunna sigari, yana kwancewa da jijjiga.

Kwana uku a wuri ɗaya kuwa babu batirin da zai ɗauka shi kaɗai sai da sola. Farantin wat 200 a ranarmu ta Sahel, bayan an cire abin da zafi da ƙura ke ci, zai ba ka wajen Ah 55 zuwa 60 a wuni, kusan abincin firjin ke nan. Cajojin DC-DC da yawa suna da mashigar sola a jikinsu, ka nemi irin wannan. Na fi son farantin da ake naɗewa mai doguwar waya, domin motar ta samu inuwar bishiya shi kuma ya sha rana, kuma a lokacin hunturu a riƙa share masa ƙura kowace safiya.

Idan da hali, abin da zan zaɓa wa aikinka shi ne litiyom mai Ah 100 a cikin mota, a ɗaure shi tamau nesa da taga da kuma inda bututun hayaƙi ke ɗumama daɓen motar, da caja mai amfiya 25 da sola mai wat 200. Idan kuɗin bai kai ba, ko kuma tafiyarka ta fi yawa can wajen Faya da Fada a arewacin Chadi inda samun madadin litiyom ke da wuya, to AGM mai Ah 150 a baya da wannan caja ɗin. Ka guji tsofaffin batiran turakun sadarwa da ake wankewa a sayar da arha, galibi sun riga sun gama aikinsu. Ka duba kuma ko motarka mai volt 24 ce, domin akwai irinsu cikin tsofaffin Land Cruiser na dizal, kuma su caja ta daban suke bukata, mai sauko da wuta daga 24 zuwa 12.

Sayi ƙaramar mitar awon wuta ka riƙa aunawa da asuba, bayan ka cire firjin na ɗan lokaci. A batirin dalma 12.7 cike yake, 12.2 ya kai rabi, idan ya sauka ƙasa da 12 to an wuce gona da iri, sai a tayar da inji. Litiyom yana tsayawa wajen 13.2 kusan har ya ƙare, saboda haka shi mitar da ke ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita ake sa masa. Idan damina ta sa ka ajiye motar, na dalma a cika shi tukuna a kuma sake cajinsa duk wata, litiyom kuwa a bar shi wajen rabi a cire masa duk wata waya.