Unguwar da ta dace da mai iyali a Yamai

Ɗan'uwa, ka ce kana neman unguwa a Yamai mai kwanciyar hankali, haya da sauƙi, ga lakwal ta kirki kusa don yaranka. Ni dai shawarata, ka fara da Banifandou, Dar-es-Salam ko Bobiel. Plateau da Koira Kano suna da kyau, amma hayarsu ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Unguwannin bakin kogi irin su Lamordé kuwa, arhar kada ta ruɗe ka, ka tuna ambaliyar 2020.

Sharaɗi ɗaya: kada ka ba mai gida kuɗi sai ka taka da ƙafarka daga ƙofar gidan zuwa lakwal ɗin, in da hali washegarin ruwan sama. Na taɓa kama gida da rani, watan Agusta na zuwa sai ga ni ina saɓa ɗiyata a wuya muna ratsa ruwa har gwiwa a layinmu. Ka leƙa ajin CI, wato ajin farko na firamare, ka ƙirga yaran, ka kuma duba ko ginin siminti ne ko rumfar zana. Tun gobarar da ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a 2021, wallahi ba na iya barin yarona cikin ajin zana.